Jagora: Kafa Ƙananan Al'ummomin Kirista a Unguwannin Damagaram da Koyi da Waliyyai

Ranar Lahadi majami'a takan cika, 'yan waƙa su yi bakin ƙoƙarinsu, a karɓi Tarayya Mai Tsarki, a fito a gaisa a bakin ƙofa, kowa ya hau babur ɗinsa. Daga nan kuma sai wata Lahadin. A kwana shidan da ke tsakani, tsohuwa tana iya kwanciya ciwo a Garin Malam ba wanda ya leƙa ta. Ɗalibin da ya zo jami'a daga Yamai ya yi wata uku ba wanda ya tambayi sunansa. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya tattara kayansa ya tafi, sai bayan Ista a lura ba a ganinsa. Ba mugunta ke kawo haka ba. Mutanen da ba sa haɗuwa sai sau ɗaya a mako ba su da inda za su ji irin wannan labari.

Katolika a Damagaram 'yan kaɗan ne a tsakiyar gari na Musulmi, da yawansu kuma aiki ko karatu ko kasuwa ya kawo su, daga Benin, Togo, Burkina Faso, Najeriya da sauran jihohin Nijar. Dayosis ɗin Maraɗi, wadda aka kafa a 2001 da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop ɗinta na farko, ta haɗa Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Ƙasa ce mai faɗin gaske, firistoci kuwa ba su da yawa. Mai jiran Fada, wato firist ɗin ikilisiya, ya zagaya gida-gida shi kaɗai yana ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Ikilisiya a Afirka ta daɗe da samun hanyar da ta dace da irin halinmu: ƙananan al'ummomin Kirista na unguwa, waɗanda a nan aka fi sani da CCB. Bishop-bishop na gabashin Afirka sun sa wannan hanya a gaba a tarukansu na 1973 da 1976. Babban taron bishop-bishop na Afirka da aka yi a Roma a 1994 ya kira Ikilisiya da sunan Iyalin Allah, sannan a wasiƙar da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa wa hannu a Yawunde ranar 14 ga Satumba 1995 an nuna cewa wannan iyali ba zai kai cikarsa ba sai an rarraba shi ƙanana-ƙanana, yadda mutane za su san juna da gaske. Ga yadda za a bi, daga farawa har a tsaya da ƙafa.

Mataki na farko: a fara da Fada da majalisar ikilisiya

Kada wani ya tashi ya tara mutane a gidansa sannan daga baya ya je ya sanar. A zauna da Fada da majalisa, a amince, a zaɓi mutum huɗu ko biyar da za su ja gaba, maza da mata, har da matashi ɗaya. A kira shugabannin 'yan waƙa, Zumuntar Mata da sauran ƙungiyoyi tun daga farko, a gaya musu ba a zo ƙwace musu mutane ba. Ƙungiya takan tara waɗanda suka zaɓi abu ɗaya. Al'ummar unguwa kuwa ta kowane mai baftisma ce da ke zaune a wajen, har da wanda bai iya waƙa ba, har da wanda ya shekara biyar bai taka majami'a ba.

Mataki na biyu: a ƙidaya gidaje da ƙafa

Zumunta a ƙafa take. Takardar da aka raba a bakin majami'a ba za ta kamo kowa ba sai masu zuwa, alhali waɗanda aka fi nema su ne marasa zuwa. A fita bibbiyu, namiji da mace in zai yiwu, a bi Sabon Gari, Zango, Birni, Karkada, Kara-Kara da sababbin unguwannin bayan gari. A kowane gida a tambaya: akwai wani Kirista da kuka sani kusa da nan? Ta haka ake gano matar da ta auri Musulmi take jin kunyar zuwa, da mai gadin da yake aiki ranar Lahadi, da yaran da aka kawo riƙo.

A rubuta suna, unguwa, harshen da mutum ya fi ji, da lokacin da yake samun sarari. Littafin ya zauna a hannun Fada da mutum ɗaya amintacce. Ba a ɗaukar hotonsa, ba a tura shi ta WhatsApp. Akwai 'yan'uwa da bangaskiyarsu ke iya jawo musu wahala a cikin danginsu, kuma su ne masu ikon cewa a san su ko kada a san su.

Sai rabo. Gida takwas zuwa goma sha biyar ya isa al'umma ɗaya, kuma ma'aunin shi ne tsohuwa ta iya takawa da ƙafa ta je taro ta dawo ba ta biya kuɗin kabu-kabu ba. Inda Kirista suka yi nisa da juna, gida huɗu ma al'umma ce. Ubangiji ya ce inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu.

A nan ne za a fara jin matsi. Wani zai ce a bar 'yan Togo su yi tasu, Ibo su yi tasu, Mosawa su yi tasu, tunda sun fi fahimtar juna. Maganar tana da daɗin ji, amma ina roƙo a ƙi ta. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suna nan, suna da amfaninsu, ba wanda ya hana su. In aka yi rabon bisa ƙabila, ranar da ɗan mutum ya suma da tsakar dare, ɗan garinsu yana can ƙarshen gari, Kiristan da ke bayan katangarsa kuwa bai san sunansa ba. Matsalar harshe gaskiya ce, kuma ba yau ta fara ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana manta gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su raba jama'a biyu ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai su kula da rabon. Mu ma haka: a yi taro da Hausa, wadda kusan kowa ke ji a kasuwa, a sa mutum ɗaya ya riƙa taƙaitawa da Faransanci ga sabon zuwa.

Mataki na uku: gida, lokaci, da maƙwabta

Taron ya riƙa zagayawa gida-gida. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya shi ma a je wurinsa, in wuri bai isa ba a shimfiɗa tabarma a tsakar gida da izinin sauran 'yan haya. A kafa doka tun ranar farko: ruwan sha kawai. Da zarar wani ya kawo lemo da soyayyen nama, mai ƙaramin ƙarfi zai fara neman dalilin da zai hana a zo gidansa. A garin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, kofin ruwa mai sanyi karramawa ce cikakkiya.

Rana ɗaya a mako, ba a canzawa. Tsakanin la'asar da magariba ya fi dacewa da mata da tsofaffi, bayan isha'i ya fi dacewa da 'yan kasuwa. Kowace al'umma ta zaɓi nata. Sa'a ɗaya, in ta yi yawa da kwata. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, a jinkirta har rana ta yi sanyi.

Kafin zama na farko, dattijo biyu su je gaida mai unguwa. Magana ce mai sauƙi: "Ranka ya daɗe, mun zo gaisuwa ne. Mu Kiristocin unguwarka muna so mu riƙa haɗuwa ranar Laraba da yamma mu yi addu'a a gidajenmu. Mun ga bai kamata ka ji a bakin wani ba." Haka kuma mai masaukin kowane mako ya gaya wa na kusa da shi: "Malam, gobe zan yi baƙi 'yan'uwana, za mu yi addu'a kaɗan." Babu lasifika, babu ganga. In an kira salla kusa, a sassauta murya ko a dakata da waƙa. A watan azumin Ramadan a kauce wa lokacin buɗa-baki.

Duk wanda ya ga ranar 16 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a garin nan har iyalai suka bar gidajensu, ya san dalilin wannan taka-tsantsan. Amma kada tsoro ya zama shi ne tushen abin. Maƙwabcin da ka je wa barka da suna, ka zauna masa zaman makoki, ka kai masa gaisuwar Salla, ya san ka a matsayin mutum tun kafin wani ya zo ya gaya masa kai wane ne. Kyautata maƙwabtaka umarnin Ubangijinmu ne ko da babu wata barazana.

Mataki na huɗu: yadda zaman yake tafiya

Hanyar da ta fi karɓuwa a Afirka ita ce ta matakai bakwai da cibiyar Lumko ta Afirka ta Kudu ta tsara. Ba ta buƙatar mai digiri. Tana buƙatar Littafi Mai Tsarki, kyandir ko fitila a kan ƙaramin tebur, da mai jagora wanda ya iya kama bakinsa.

A soma da gayyatar Ubangiji: mutum ɗaya ya yi gajeriyar addu'a da kalmominsa. Sai a karanta Bisharar Lahadi mai zuwa, sau biyu, da murya biyu, in ya yiwu da harshe biyu. Zaɓen Bisharar Lahadi yana da dalili. Wanda ya riga ya tauna ta ranar Laraba, in ya ji ta a Misa za ta shige shi daban, kuma duk al'ummomin gari suna kan nassi ɗaya.

Na uku, kowa ya ɗauki kalma ko guntun jimla da ta taɓa shi, ya faɗe ta a hankali sau uku, ba sharhi. "Kada ku ji tsoro." Shiru kaɗan. Wani ya ce, "Ku ba su abinci." Wanda bai iya karatu ba yana yin wannan daidai da malamin makaranta, sau da yawa ma ya fi shi, domin da kunne ya kama. Na huɗu, shiru na minti uku zuwa biyar. Mai jagora ya duba agogo, domin shiru yana da nauyi ga wanda bai saba ba, kuma za a so a katse shi tun bai kai minti ɗaya ba.

Na biyar shi ne inda taro ke gyaruwa ko ya lalace. Kowa ya faɗi abin da kalmar ta gaya masa, shi kansa. "Ni dai wannan kalma ta tuna mini da ƙanwata da muka yi wata biyu ba ma magana." Wannan shi ne ake nema. In wani ya fara da "ya kamata Kirista su…", ya koma wa'azi, kuma in aka bar shi, cikin mako uku zai zama shi kaɗai ke magana. Mai jagora ya tare shi da ladabi: "Baba, mun gode. To ku a ranku, me ta ce muku?" Ba a gardama, ba a gyara wa mutum abin da ya ji. Tambaya mai wuya game da koyarwa a rubuta ta a kai wa Fada ko katakis, a dawo da amsa mako mai zuwa. Abin da aka faɗa a kan tabarma kuma a nan yake tsayawa. Magana ɗaya in ta fita ta zagaya gari, sai a shekara ba wanda ya sake buɗe cikinsa.

Na shida, aiki. A fara da tambayar abin da aka ɗauka makon jiya: an yi ko ba a yi ba? Sannan a ɗauki abu ɗaya na wannan mako, a faɗi wa zai yi da ranar da zai yi. Na bakwai, addu'o'in roƙo daga bakin kowa, a rufe da Ubanmu da waƙa ɗaya.

Yara su zauna a ciki. A ba su riƙon kyandir, a bar su su faɗi kalmarsu.

Mataki na biyar: a zaɓi waliyyi, a kuma yi koyi da shi

Kowace al'umma takan ɗauki sunan waliyyi, sau da yawa kuma abin yana tsayawa a sunan da ɗinkin anko. Kafin a zaɓa, a yi wata guda ana ba da labarin waliyyai uku ko huɗu, minti biyar a ƙarshen kowane zama, sannan a tambaya: wanne ne rayuwarsa ta yi kama da abin da ke gabanmu a unguwar nan?

Ni a ganina babu labarin da ya kai na Shahidan Yuganda dacewa da wannan aiki. An fi tuna wutar Namugongo ta 3 ga Yuni 1886, inda aka ƙone Sharl Luwanga da abokansa, da ƙaramin cikinsu Kizito. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya gabaci wutar. Firistocin farko sun isa ƙasar Buganda a 1879, suka fice a 1882, ba su dawo ba sai 1885. A shekarun nan babu Misa, babu Fada. Yusufu Mukasa a fadar sarki, Andarawus Kaggwa a gidansa, Matiyas Mulumba a yankin Mityana, su suka riƙa tara mutane suna koya musu addu'a da katekisim, suna jinyar marasa lafiya. Da firistoci suka dawo sai suka tarar masu bi sun ƙaru. Mutum 22 da Paparoma Bulus na Shida ya ɗaga zuwa matsayin waliyyai a 1964 babu firist ko ɗaya a cikinsu. Al'ummar da ta ɗauki sunansu ta ɗauki alkawarin koyarwa: ta san kowane mai shirin baftisma a unguwarta, ta ba shi wanda zai riƙa raka shi har daren Ista, ta kuma ci gaba da taro ko Fada ya yi wata biyu yana rangadin Tanut da Gure da Magarya.

Charles de Foucauld, firist Bafaranshe, maƙwabcinmu ne na hamada. Ya zauna a Tamanraset ta kudancin Aljeriya cikin Abzinawa daga 1905 har aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, ya ƙare shekarunsa yana koyon harshensu yana rubuta ƙamus, bai kuma tara mabiya ba a rayuwarsa. A farkon 1908, ana cikin fari, ya kwanta ciwo har ya fid da rai, sai maƙwabtansa Musulmi suka bi ƙauyuka suna neman nonon akuya suka rayar da shi. An ɗaga shi waliyyi ranar 15 ga Mayu 2022. Masu koyi da shi su koyi harshen maƙwabtansu da kyau, su bar ƙofarsu a buɗe, su kuma iya karɓar alheri daga hannun Musulmi da godiya, kada su ɗauka su kaɗai ne masu bayarwa.

Josefin Bakita, 'yar Darfur, an sace ta tana yarinya aka yi ta sayar da ita, ta sami 'yanci a Italiya, ta zama sista, ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947. Ranar tunawa da ita ce Ikilisiya ta keɓe don addu'a kan fataucin mutane. A jihar da mata da yara ke bin hanyar Aljeriya neman abinci, inda a 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada, al'ummar Bakita tana da aiki a gabanta: ta san 'yan aikin gida da ke unguwar, ta tabbata a gidajen Kirista ana biyansu ana kuma barinsu su huta. Iyaye masu kuka da 'ya'yan da suka bar addu'a suna da Monika, uwar Waliyyi Agustin, mutuniyar ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wadda ake tunawa da ita ranar 27 ga Agusta.

Ko wane aka zaɓa, a fitar da hali ɗaya nasa a mai da shi aikin da ake iya gani, a riƙa duba shi wata-wata. Ranar bikinsa a roƙi Fada ya zo ya yi Misa a unguwa, a gayyaci sauran al'ummomi. Ranar 1 ga Nuwamba kuma, bikin Dukan Waliyyai, a ambaci sunayen 'yan'uwan da suka riga mu waɗanda muka ga nagartarsu da idonmu: katakis ɗin da ya koya mana addu'a, tsohuwar da ba ta taɓa barin mara lafiya shi kaɗai ba.

Mataki na shida: hidimomi da kuɗi

A raba aiki yadda kusan kowane gida zai riƙe wani abu: mai jagora da mataimakinsa, marubuci, ma'aji, masu duba marasa lafiya, mai karɓar baƙi, mai kula da yara. Kai Tarayya Mai Tsarki ga mara lafiya kuwa sai wanda Fada ya ba izini. Aikin al'umma shi ne ta sanar da wuri, tun mutum yana iya magana, don ya sami ikirari da shafewa da mai.

Kuɗi su ne suka fi kashe irin waɗannan tarurruka. A ajiye ƙwarya a gefe, mai dala biyar ya sa, mai dala ashirin ya sa, marar komai ya wuce ba wanda ya gani. Mutum biyu su ƙirga a gaban jama'a, a rubuta, a karanta lissafi ƙarshen wata. Kuɗin na magani ne, da gudummawar rasuwa, da jarkar ruwa ga tsohon da ba shi da mai ɗebo masa, Kirista ne ko Musulmi. Ba a ba da bashi daga ciki. Masu son adashi su yi shi wata rana a wani wuri, domin wanda ya kasa zubi zai daina zuwa jin Bishara. Buƙatar da ta fi ƙarfin unguwa a miƙa ta ga kwamitin Caritas, wato kwamitin agaji na ikilisiya.

Mataki na bakwai: a ɗaure da Lahadi, a shirya wa masu tafiya

Al'ummar da ta yanke daga Misa ta zama ƙungiyar wani mutum. Don haka kowace Lahadi al'umma ɗaya ta ɗauki shara, karatu, addu'o'in masu bi da kai baiko, bi da bi. Masu neman baftismar jariri ko ɗaurin aure su fara sanar da al'ummarsu, amma kada a mai da wannan shingen hana mutum sakramenti. Masu jagora su haɗu da Fada sau ɗaya a wata, su yi matakai bakwai ɗin tare kafin su shiga rahoto.

Wa'adin shugabanci shekara biyu, a sabunta sau ɗaya kawai. Kowane mai hidima ya kasance yana koya wa wani, domin a Damagaram takardar canjin aiki tana iya zuwa kowane lokaci, musamman gab da komawa makaranta a watan Oktoba. Bayan wata uku na farko mutane za su ragu, wannan ba abin mamaki ba ne. A ci gaba da zama a ranar da aka saba ko mutum huɗu ne, wanda ya yi fashi biyu a jere kuma a je gidansa a gaishe shi, ba tare da tuhuma ba. In gidaje sun haura ashirin a raba al'ummar biyu tun kafin masu shiru su ɓace a cikin taro.

Wanda zai bar gari a yi masa addu'a a zamansa na ƙarshe, a karɓo masa takarda daga Fada zuwa ikilisiyar da zai koma, a kuma kira wani a can a ce ga ɗan'uwa nan tafe. Mai karɓar baƙi kuma ya tsaya a bakin majami'a kowace Lahadi ta Oktoba da Nuwamba da ɗan littafinsa, duk baƙuwar fuskar da ya gani ya tambaye ta unguwar da ta sauka, ya haɗa ta da mai jagoran wajen kafin ta hau babur.